Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Tsara Takardar Neman Aikin Tsaron Kwamfuta

Alƙaluman da kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan ƙasar nan, ya fitar sun nuna cewa cibiyoyin kuɗi na Nijeriya sun yi asarar sama da Naira biliyan 52 a hannun 'yan damfara a shekarar 2024, alhali kuwa a 2023 asarar ba ta kai Naira biliyan 18 ba. Duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta na'urar POS, ko yake biyan dillalinsa na Legas ko Onica ta wayar hannu, yana da kaso a cikin wannan asara ko da bai sani ba, domin kuwa a ƙarshe kuɗin tsaro da na cike giɓi a kan mai hulɗa da banki suke sauka.

Wannan ne ya sa aikin tsaron kwamfuta da bayanan da ke cikinta, wanda wasu ke kira tsaron intanet, ya zama sana'a mai kasuwa a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano. Doka ma ta taimaka wajen buɗe kasuwar. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2019, ƙa'idojin Babban Bankin Nijeriya suka wajabta wa bankunan kasuwanci da kamfanonin biyan kuɗi su naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora wa manyan masu riƙe da bayanan mutane nauyin ajiye jami'in kare bayanai, tare da tanadin tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa. Haka nan kuma gyaran da aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tanade-tanade yana bukatar ma'aikacin da zai ɗauki nauyinsa.

Sai dai kuma akwai abin mamaki a nan. Ƙungiyar ISC2 ta ƙwararrun wannan fanni ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na fama da ƙarancin ma'aikata kusan miliyan 4.8, amma matashin da ya gama karatu yana iya aika takardu hamsin ba a kira shi ko sau ɗaya ba. Dalili shi ne ƙarancin ya fi tsanani a wajen waɗanda suka san makamar aiki, su kuwa masu neman shiga daga ƙofar farko sun yi yawa, kuma takardunsu kusan duk kamanninsu ɗaya. Darasinmu na wannan karon zai duba takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da CV, domin amfanin matasanmu masu neman irin wannan aiki, da iyayensu da ke biyan kuɗin karatu, da kuma masu kamfanoni waɗanda wata rana irin waɗannan takardu za su taru a kan teburinsu.

ABIN DA TAKARDAR KE YI

A shekarar 1973 masanin tattalin arziki Michael Spence na Amurka, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin cewa mai ɗaukar ma'aikata tamkar mai sayen kaya ne a rufe. Bai san ingancin mutum ba sai bayan ya ɗauke shi, saboda haka dole ya dogara da alamu. Alamar da ke da daraja kuwa ita ce wadda marar ƙwarewa zai sha wuya kafin ya kwaikwaye ta. Idan mai karatu ya riƙe wannan, ya riƙe rabin darasin. Kowa yana iya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son aiki tare da jama'a. Tun da rubuta hakan ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma sayen komai. Amma takardar shaidar da za a iya tantancewa, ko aikin da aka yi da lissafinsa, ko rahoton da mutum ya rubuta da hannunsa, waɗannan su ne alamun da ke da tsada.

A wannan fanni abin ya fi haka nauyi, domin wanda za a ɗauka za a damƙa masa makullan gida ne baki ɗaya. Zai ga albashin manaja, zai ga asusun abokan ciniki, zai iya buɗe abin da mai kamfanin kansa ba ya iya buɗewa. Don haka mai karanta takardar yana auna abu biyu a lokaci guda, wato iya aiki da riƙon amana.

Kafin a ɗora alƙalami, wajibi ne mai nema ya san reshen da yake so. Akwai masu zama a ɗakin sa ido dare da rana suna bin ƙararrawar da na'urori ke bugawa. Akwai masu gwajin kutse bisa izini, waɗanda kamfani ke biya su nemo ɓarakarsa kafin ɓarawo ya gano ta. Akwai masu binciken ƙwaƙƙwafi bayan ɓarna ta auku, sannan akwai ma'aikatan bin ƙa'ida da auna haɗari, waɗanda aikinsu ya fi kusa da na mai binciken kuɗi, kuma bankuna na da matuƙar bukatarsu. Takarda guda ba za ta dace da dukkan waɗannan ba. Wanda ya nuna yana son kowane reshe, mai karatu zai ɗauka bai zauna a ko ɗaya ba.

KAN TAKARDA

Al'adarmu a Nijeriya ita ce a cika shafin farko da ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, sunan magaji, wani lokaci har da hoto da makarantar firamare. Idan aikin na Gwamnatin Tarayya ne, jiha da ƙaramar hukuma suna da muhimmanci saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi, kuma a kan nemi shaidar kammala hidimar ƙasa. Amma ga banki ko kamfanin sadarwa ko kamfanin ƙetare, suna da lambar waya da adireshin imel da garin zama sun wadatar, sai kuma adireshin LinkedIn ko GitHub idan akwai abin gani a can. Kamfanonin Amurka da Ingila ma ba sa son ganin hoto ko shekaru, gudun kada a zarge su da nuna bambanci.

Abin da bai kamata ya fito ba ko kaɗan shi ne lambar NIN da lambar BVN da cikakken adireshin gida. Takardar neman aiki tana yawo hannu da hannu, daga akwatin imel zuwa wancan. Mai neman aikin kare bayanan jama'a wanda ya baza nasa a shafin farko ya riga ya amsa tambayar intabiyu tun ba a yi masa ita ba. Adireshin imel ɗin ma ya kasance mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya. Laƙabin da aka yi wa kai a makaranta, musamman mai ƙamshin kutse, a bar shi a can.

Ƙarƙashin suna sai layi uku ko huɗu na taƙaitaccen bayani: wane ne kai a sana'a, shekara nawa ka yi, wane kayan aiki ka fi ƙwarewa a kai, wane matsayi kake nema. Tsohuwar jimlar nan ta neman wuri mai ƙalubale domin ba da gudummawa ga ci gaban kamfani ta tsufa, kuma babu mai karanta ta.

TARIHIN AIKI

Nan ne zuciyar takardar, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Yawancin masu nema sukan kwafo jerin ayyukan da aka ɗora wa ofishinsu, su ce su ne ke da alhakin kula da tsaron kwamfutoci. Alhaki daban, abin da aka aikata daban. Mai ɗaukar aiki yana so ya ji abin da ka tarar, da matakin da ka ɗauka, da abin da ya canza. Da Turanci ake rubuta takardar, amma ga ma'anar irin jimlar da ake so, alal misali: na kula da kwamfutoci 120 a rassa huɗu, na rage lokacin toshe ɓarakar manhaja daga wata biyu zuwa mako biyu. Ko kuma: na shirya wa ma'aikata 80 horo kan gane saƙonnin yaudara, kuma a gwaji na biyu waɗanda suka faɗa tarko sun ragu da rabi. Ɗan kasuwa ya san bambancin yaron shagon da ya ce yana kula da kaya da wanda ya ce ya sayar da buhu ɗari uku a wata ba tare da ɓatan ko ɗaya ba.

A fara da aikin baya-bayan nan a koma baya, kowanne da wata da shekarar farawa da na barinsa. A ambaci kayan aiki da sunansu a cikin jimlar da ta nuna yadda aka yi amfani da su, kamar Splunk ko Wazuh ko Microsoft Sentinel wajen sa ido, Wireshark wajen nazarin zirga-zirgar saƙonni, Nmap da Burp Suite wajen gwaji. Wannan ya fi a jera sunaye arba'in a gefe guda. A ra'ayinmu jerin nan mai tsawo yana cutar da mai shi, domin ƙwararren da ke intabiyu zai ɗauko na talatin da bakwai ya ce a yi masa bayani, kuma daga nan aka fara inda-inda magana ta ƙare. Ga masu neman reshen bin ƙa'ida, sunayen ma'aunai su ne kayan aikinsu: ISO 27001 bugun 2022, PCI DSS mai kula da katunan banki, tsarin NIST wanda aka sabunta a Fabrairun 2024, da ƙa'idojin Babban Banki da na NDPC. A faɗi rawar da aka taka, ko tattara hujjoji aka yi wa masu bincike, ko rubuta manufofi, ko jagorantar aikin.

Akwai iyaka wadda ba a tsallakewa. Lissafi yana da kyau, amma asirin tsohon maigida amana ne. Ba a rubuta cewa banki kaza yana da ƙofa a buɗe a wuri kaza, ko an sace masa kuɗi kaza ba a sanar ba. Wanda ya yi wa kamfanoni gwajin kutse a ƙarƙashin yarjejeniyar rufe asiri sai ya ce wani bankin kasuwanci, ko wani kamfanin inshora, ya tsaya nan. Sabon maigida yana karantawa yana tunanin yadda za a yi maganar kamfaninsa a takarda ta gaba.

To, wanda bai taɓa aiki ba fa? Shi ma yana da abin rubutawa idan ya shirya. Horon sanin makamar aiki da ya yi yana ɗalibi, da shekarar hidimar ƙasa idan ya kula da kwamfutocin makaranta ko na sakatariyar ƙaramar hukuma, duk aiki ne. Wanda ya haɗa ɗan ɗakin gwaji a kwamfutarsa, ya ɗora Kali Linux da wasu na'urorin kwaikwayo, ya kai wa kansa hari ya kuma gano harin a kundin na'urar, ya rubuta rahoto mai shafi uku ya ajiye a GitHub, ya fi wanda ya jera sunayen kwasa-kwasai goma. Gani ya kori ji. Dandalin koyo irin su TryHackMe da Hack The Box, da gasar warware matsalolin tsaro da ake shiryawa tsakanin ɗalibai, da shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023, duk suna da wuri a takarda muddin an nuna abin da aka fitar daga cikinsu. Rubutun rahoto kuwa kada a raina shi: rabin wannan aiki bayani ne ga manajan da bai san kwamfuta ba amma shi ke sa hannu a kasafin kuɗi.

Masu sauya sana'a kada su ɓoye inda suka fito. Mai binciken kuɗi na banki ya san yadda zamba ke tafiya a cikin lissafi, injiniyan kamfanin waya ya san hanyoyin sadarwa, lauya ya san dokar kare bayanai, tsohon ɗan sanda ko soja ya san yadda ake riƙe hujja har ta kai kotu. A fito da wannan fili, a haɗa shi da sabon ilimin.

Gargaɗi ɗaya ga matasa masu zafin jini. Kutsawa cikin na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne wanda dokar 2015 ta tanadar wa ɗauri da tara. Wanda ya rubuta a takardarsa cewa ya taɓa shiga shafin jami'arsu ya duba sakamako, shaida ya rubuta a kan kansa.

TAKARDUN SHAIDA DA TSADARSU

Digiri yana da amfani, kuma jami'o'i irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da takwararta ta Akure suna ba da shi a wannan fanni kai tsaye. Layi biyu sun ishe shi: jami'a, digiri, shekara. Amma kasuwar ta fi kallon takardun shaidar ƙwarewa, kuma da Dala ake biyan kuɗinsu. A 2024 kuɗin zama jarrabawar Security+ ta CompTIA ya ɗan haura Dala 400, na CISSP kuwa Dala 749 ne. A canjin Naira 1,500 kan Dala ɗaya, wanda Naira ta zarce a wannan shekarar, ta farkon ta kai kimanin Naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ta biyun kuma ta wuce Naira miliyan ɗaya. Uban da zai biya irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya tambayi abin da jarinsa zai haifar.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a bi matakala. Mai farawa ya nemi CC ta ISC2, wadda ba ta bukatar shekarun aiki, ko Security+. Mai son gwajin kutse zai ji sunan CEH a tallace-tallacen aiki da yawa, amma masu sana'ar sun fi girmama OSCP, domin jarrabawarta ta kusan sa'o'i 24 ce ta kutse a aikace, sannan a rubuta rahoto. CISA da CISM na ƙungiyar ISACA na masu bincike ne da shugabannin sashe, kuma kowace tana neman shekarun aiki kafin a ba da ita.

A nan ne gaskiya ke da muhimmanci ƙwarai. CISSP tana bukatar shekara biyar ta aiki a aƙalla biyu daga cikin fannoninta takwas, ko da yake digiri na iya rage shekara ɗaya. Wanda ya ci jarrabawar bai cika shekarun ba, matsayinsa shi ne Associate na ISC2, kuma ba shi da ikon liƙa CISSP a bayan sunansa. Haka nan halartar kwas daban yake da cin jarrabawa. Takardar halarta ta kwana biyar a wata cibiyar horo ba ita ce takardar ƙungiyar ba. Yawancin waɗannan takardu kuma wa'adin shekara uku gare su, sai an sabunta. A rubuta sunan takarda, da ƙungiyar da ta bayar, da shekara. Idan ana kan shiri ne a faɗi haka tare da watan da za a zauna jarrabawar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan fanni kuwa ya fi ƙurewa, saboda ƙungiyoyin suna da hanyar tantance mai takarda cikin 'yan mintoci.

SIFFA DA AIKAWA

Manyan kamfanoni suna amfani da manhajar da ke tattara takardun masu nema, inda jami'in ɗaukar ma'aikata ke lalubo mutane ta hanyar kalmomi. Saboda haka a karanta tallar aikin da kyau, a yi amfani da kalmominta kamar yadda aka rubuta su, matuƙar gaskiya ne mutum ya iya abin. Ado da launuka da akwatuna da zanen ma'aunin ƙwarewa suna rikita manhajar, ba sa kuma burge ɗan Adam. Shafi ɗaya ya ishi wanda bai kai shekara biyar yana aiki ba, biyu ga wanda ya wuce haka. A aika da PDF sai in an nemi wani nau'in, a sa wa fayil ɗin cikakken suna, a kuma duba bayanan da ke ɓoye a cikinsa, kada a tarar da sunan abokin da aka ari takardarsa. Masu tsaro suna ɗari-ɗari da fayil mai neman a kunna masa wani abu kafin ya buɗe, domin 'yan kutse sun sha ɓoye muguwar manhaja a cikin takardun neman aiki na bogi.

Babu laifi a nemi taimakon manhajojin nan masu rubutu irin su ChatGPT wajen gyaran Turanci, da sharaɗin kada a zuba musu asirin wurin aiki, kuma kada a bari su ƙara wa mutum ƙwarewar da ba shi da ita. Kowane layi da ya rage a takarda, mai ita ya tabbata zai iya kare shi na minti biyar a gaban ƙwararre.

GA MAI ƊAUKAR AIKI

A watan Yulin 2024 kamfanin KnowBe4 na Amurka, wanda sana'arsa ita ce koya wa ma'aikata tsaro, ya bayyana da kansa cewa ya ɗauki wani injiniya mai aiki daga nesa bayan intabiyu ta bidiyo da binciken asali, ashe mutumin ɗan Koriya ta Arewa ne da ya yi amfani da sunan wani Ba'amurke da hoton da aka gyara da na'ura. Asirinsa ya tonu ne lokacin da ya fara ɗora muguwar manhaja a kwamfutar da aka aika masa. Idan haka ta faru da irin wannan kamfani, mai asibiti ko bankin al'umma ko kamfanin rarraba kaya a ƙasar nan sai ya ƙara lura. A tantance kowace takardar shaida daga ƙungiyar da ta bayar, a kira tsohon wurin aiki ta lambar ofis da aka samo da kai, a kuma ba mai nema ɗan aikin gwaji na sa'a ɗaya ko biyu a gaban wanda ya san fannin.

Masu kamfanoni su ma suna da nasu gyaran. Sau da yawa a kan ga tallar aikin mai farawa tana neman CISSP, takardar da ba a samu sai da shekarun aiki, a kan albashin da bai kai kuɗin jarrabawarta ba. Irin wannan talla tana korar masu gaskiya ta bar masu ƙarin gishiri. Ga shi kuma ƙwararren ɗan Nijeriya a yau yana iya zama a Kaduna ko Ibadan yana yi wa kamfanin Turai aiki ana biyansa da kuɗin waje, don haka gasar albashi ta wuce iyakar gari.

Dangane da masu ba da shaida a kan mai nema, ba sai an jera sunayensu da lambobinsu a takarda ba, tun da su ma bayanansu ne. A tanadi mutum biyu ko uku waɗanda suka ga aikinsa da idonsu, a nemi izininsu tukuna, a miƙa sunayen idan an bukata. Duk tallar aikin da ta nemi a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, ko a aika lambar BVN da kalmar sirri kafin intabiyu, a bar ta, a kuma sanar da kamfanin da aka yi amfani da sunansa ko hukumar EFCC.